Yadda Ciwon Ƙafa Ya Mai da Ni Ustazu

Ni dai tun ina yaro ba a taɓa zargina da yawan ibada ba. Ina sallata biyar, ina azumina, in an ɗaga hannu ana addu'a ina shafawa tare da jama'a, amma ko mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da take ganin komai nawa mai kyau ne, ba ta taɓa yi mini fatan limanci ba. Shi ya sa ranar da labari ya iso mini cewa a ƙauyen surukaina an ce na shiga cikin masu sabon wa'azi, na yi dariya har na ƙware. Daga baya ne dariyar ta koma ciki.

Daga ƙafa abin ya faro. Aikin malamin gona na yi, kuma a zamaninmu malamin gona ba ya ɗumama kujera. Babu ƙauyen da ban taka ba tsakanin Sandamu da Baure, cikin yashi, da takalmin taya, ina koya wa mutanen da suka fi ni sanin gero yadda ake shuka gero. Ƙafafuna sun yi haƙuri da ni har na wuce hamsin, sai suka ce su ma lokacinsu ya yi. Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne, garin ya cika da kaset ɗin wa'azi, kowane mai shayi ya zama mai fatawa. Kowa yana ta gyara lahirarsa, ni kuwa ina fama da manyan yatsuna biyu.

Da safe in na sauko da ƙafa daga gado, takun farko kamar na taka ƙaya. Gaɓar babban yatsa ta kumbura, ta yi ƙulli a gefe, ta ƙi lanƙwasuwa, in na matsa mata sai ta yi ƙara ƙas-ƙas. Daga nan ciwon ya haura tsakiyar ƙafa, ya leƙa idon sawu. In hadari ya haɗu ina riga kowa sani.

Ciwo a Daura ba na mai shi ba ne, na unguwa ne. Kafin in ce uffan an kawo mini man kaɗanya da citta, an kawo mini tafarnuwa, wani ya kawo mini kitsen mesa a kwalba, wanda ni dai hancina ya ce mini na akuya ne. Sababbin shagunan magani da suka ɓullo a lokacin suka ba ni zuma da habbatussauda da man zaitun, mai shagon ya rantse mini kwalbar nan ɗaya tana maganin sanyin ƙashi da basir da mantuwa. Na sha, na shafa, ina tafe ina ƙanshin miya. A ƙarshe wanzaminmu, wanda ubansa ya yi wa ubana aski, ya ce mataccen jini ne, ya kafa mini ƙaho a bayan ƙafa. Washegari ƙafar ta ƙi shiga silifas. Na aika masa da maganar da ba zan maimaita ba, shi ma ya aiko mini da tasa. Mutum kuwa ba ya canza wanzamin gado kamar riga, sai na zauna ba aski ba gyaran fuska, ina jiran ya zo ya ba ni haƙuri, shi ma yana jirana. Haka gemu ya samu sarari ya yi ta tsiro abinsa.

Da uwar yara ta gaji da nishina ta kora ni asibiti. Aka ɗauki hoton ƙafar, wani likita matashi ya ɗaga shi sama ya nuna mini inda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi. Ya ce amosanin gaɓoɓi ne, ba ya warkewa, sai dai a koyi zama da shi. In riƙa jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da safe, in riƙa motsa yatsun a hankali, in rage tuwon dare don nauyin jikina ya ragu a kansu, ƙwayar rage ciwo kuma kada in sha ta sai na ci abinci. Duk wannan na ji zan iya, ban da maganar tuwo. Sai ya zo kan babbar magana: in nemi takalmi sau-ciki mai faɗin baki da taurin ƙasa, kada in riƙa tafiya ba takalmi, kuma in daina tsuguno a kan yatsuna.

Na dube shi na ce, "Likita, kai ɗan ina ne?"

Ya ce shi ma ɗan nan ne.

Na ce, "To ka san mutumin da aka hana cire takalmi aka hana tsuguno a ƙasar nan, an ce masa ya yi hijira ke nan."

Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ni abin da ƙafarka take so na faɗa maka. Sauran kuma kai da mutanenka."

Na sa aka samo mini takalmin a gwanjo a Kano, baƙi, mai igiya, da ƙasa mai kauri. Uwar yara ta ce in na sa shi da babbar riga kamar sojan da aka kora ya koma fatauci. Amma fa ya yi aiki. Na fara zagaya kasuwa ba tare da neman inda zan dafa ba. Na koyi sa safa saboda sanyi, in na yi alwala da ruwan ɗumi a gida na sa ta, in sallah ta riske ni a hanya sai in shafa a kai, don ruwan randa yana shiga mini har ƙashi. Man da nake shafawa yana ɓata bakin wando, uwar yara ta ce ita ba baiwar wanki ba ce, ta kai wandunana wurin tela aka rage musu tsawo. Tsohon masallacin unguwarmu yana da 'yar tazara, samari kuma sun gina sabo a bayan gidana, sai ƙafata ta zaɓa mini na kusa. A tsaye kuma in na buɗa ƙafafu nauyin yana sauka daga kan yatsun, sai na riƙa tsayuwa a buɗe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da dalilinsa, ban taɓa haɗa su wuri guda na dubi abin da suka zama ba.

Samarin sabon masallacin su suka fara haɗawa. Suka riƙa tare ni da fara'a, suna riƙe hannuna da hannu biyu, suna cewa Allah ya shiryi Baba da girmansa. Ban damu ba, wa yake ƙin a yi masa fara'a? Matsalar ita ce su a sahu ƙafa da ƙafa ake haɗawa, kuma ba da wasa ba. Wani ƙato mai sayar da kayan babur ya ɗauke ni aikinsa. In na ja ƙafata ya biyo ta, in na ƙara ja ya ƙara buɗa tasa, har ranar da ya samu ƙullin nan ya danna shi da ɗan yatsansa mai kama da ƙusa. Liman yana tsakiyar Fatiha na ce "Wayyo!" da ƙarfin da na baya suka ɗauka tsoron Allah ne ya kama ni. Daga ranar na koma ƙarshen sahu, jikin bango, ƙafa ɗaya dai ta tsira.

Duk wannan wasa ne. Inda abin ya daina zama wasa shi ne wurin surukina.

Tsoho ne da ya doshi casa'in, yana zaune a wani ƙauye bayan Sandamu. A gonarsa na fara ganinsa, ina saurayin malamin gona, ya saurari bayanina kan takin zamani har ƙarshe, ya ce Allah ya ƙara ilimi, ya ci gaba da zuba takin shanunsa. Daga baya ya ba ni 'yarsa ta fari. Mutumin wuridi ne, carbinsa ba ya barin hannunsa, a kan buzu yake zama a zaurensa, kuma har a wancan lokacin da ƙafa yake zuwa gona. Iyayena sun daɗe da rasuwa, baffannina da kawunnaina duk sun bi su. Shi kaɗai ya rage a duniya wanda in na zo tafiya zai ɗaga hannu ya ce mini, "Allah ya yi maka albarka." Wanda bai kai shekarun da babu mai sa masa albarka ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ni ina yi wa 'ya'ya da jikoki, amma ni wa zai yi mini? Saboda kalmar nan nake zuwa ƙauyen, ba saboda furarsu ba, ko da yake furar ma ba ta da laifi.

Yadda nake gaishe shi kuwa tun ranar farko bai canza ba. Akwai rijiya a kan kwanar gidan, a nan nake tuɓe takalmi, in taka tsakuwa da ƙafa har ƙofar zaure, in tsuguna a kan yatsuna, kai a ƙasa, in gaishe shi har sai ya sallame ni. Ƙauyen duka sun san wannan, har iyaye suna yi wa surukansu gori da ni.

Zuwana na farko da sabon takalmi, na tsayar da 'yar roba-robata, wato ƙaramin babur ɗina, a bakin rijiya, na dubi tsakuwar nan, na tuna maganar likita, na ce yau dai a yi mini uzuri. Na tako da takalmina ƙwas-ƙwas har ƙofar zaure, na jingina da bango ina kwance igiya, sannan na rusuna na dafa gwiwoyi na ce, "Baba, barka da hutawa." Ya ɗago ya dubi takalmin, ya dubi idon sawuna da wando ya bari a fili, ya dubi gemun. Ya amsa a gajarce. Da la'asar ta yi ya ga na shafa a kan safa, ya ga tsayuwata a sahu. Da aka baza farin ƙyalle za a zauna wazifa, wadda da nake zama har a shafa, na tuna yadda zan tashi daga tabarma bayan dogon zama a gaban mutane, sai na sulale na fita. Biri ya gama kama da mutum.

Da na zo sallama ya ce, "To, Ustazu, a sauka lafiya." Hannunsa bai bar carbi ba.

Na hau babur ina cewa mantuwa ce ta tsufa. Na koma da ƙaramar sallah, haka. Na koma da aka yi suna a gidan, haka. Ba ya zagina, ba ya ɗaure mini fuska, yana sa a kawo mini fura, amma kalmar nan ya riƙe ta. Duk dawowa sai in ji hanyar Daura ta yi mini tsawo.

Mai karatu zai ce, to ba sai ka gaya masa ba? Wanda ya faɗi haka ba shi da suruki. Da wane baki zan dubi mutumin da ya haifi matata, wanda ya girme ni da shekarun da suka isa a haifi wani a aurar, yana zuwa gona da ƙafa, in ce masa tsufa ya kama ni? A gabansa ko ruwa sai na juya baya nake sha. Na ce wa uwar yara ita ta gaya masa. Ta riƙe baki ta ce, "Malam, ni? In je gaban Baba in ce masa ƙafar mijina? Ka taɓa jin ya kira sunana ma?" Gaskiyarta, 'yar fari ce, tsakaninta da shi daga gaisuwa sai a sunkuyar da kai. Mahaifiyarta da za ta iya shigar da maganar ta bayan gida ta rasu.

Saura mutum ɗaya, ƙanin matata, wanda yake zaune gida ɗaya da tsohon. Magidanci ne da 'ya'yansa, amma a wurina abokin wasa ne, kuma bai taɓa yafe mini wannan haƙƙin ba. Ranar kasuwa ya shigo Daura, ya zauna ya share tuwon da ni aka hana ni, sannan ya ba ni labari yana siɗe hannu. Ya ce tsoho ya ce boko ya daɗe yana kiwona, yanzu masu kaset sun yanka. Ya ce an gaya wa tsohon su waɗannan ba sa durƙusa wa kowa, ko uban da ya haife su hannu suke miƙa masa, kuma suna cewa wuridinsa ɓata ne. "Ya ce bai yi mamakin kowa ba sai kai, Yaya."

Na tuɓe safa na nuna masa ƙafar, na ce, "Ka gani da idonka. Je ka gaya masa."

Ya leƙa ya ce, "Kai, wannan ai doya ce." Sannan ya gyara zama ya ce, "Ni ba ruwana. Tun ina saurayi Baba yake ce mini in dubi mijin yayata in koyi ladabi. Bari ni ma in ɗana zama ɗan kirki, ko na damina ɗaya ne."

Na jefe shi da murfin kwano, ya fita yana dariya. Ina tsammanin zai faɗa. Bai faɗa ba, ɗan banza.

Ana nan sai bayan kaka aka aiko cewa tsoho ya kwanta da zazzaɓi, amma ya tashi. Uwar yara ta ce alhamdulillahi, ni kuwa na shiga lissafi. Mutumin da ya kai shekarunsa, zazzaɓi na gaba ba a san inda zai tsaya ba. Na ga zai iya tafiya da albarkar nan a bakinsa, yana ganin na raina shi na raina hanyarsa, ni kuma in ƙare sauran kwanakina da takalmi mai daɗi. Tsoro ya kama ni sosai. Na ce likita ya yi haƙuri, yatsu su yi haƙuri.

Na fara da wanzami. Na je har gida na ce a bar wa Allah. Ya wasa askarsa yana cewa dama ya san gemun zai kawo ni ko ƙafar ba ta kawo ni ba, kuma da na bari ya ƙara ƙaho na biyu da yanzu ina ƙwallo. Na ce gaskiya ne, don aska tana wuyana. Na ciro tsohon wando mai jan ƙasa, na ci abinci na sha ƙwayata, na kama hanya da hantsi.

A bakin rijiya na tuɓe takalmi da safa na ajiye. Ƙafar da ta saba da gata ta taka tsakuwa ta ce ba ta san zancen ba. Na cije na tako a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, matan da ke jan ruwa suna kallona. Na isa ƙofar zaure, na yi bisimilla, na sauka a kan yatsuna. Abin da na ji a gaɓoɓin nan biyu, Allah kada ya ɗanɗana wa maƙiyi.

Tsoho yana kan buzunsa, ya rame kaɗan. Ya ƙura mini ido ya ce, "Wa nake gani kamar malamin gona?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

Ya ce jiki da sauƙi. Ya tambayi mutanen gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi jikoki, ya tambayi maƙwabcina da ya taɓa gani sau ɗaya a wurin ɗaurin aure. Ina amsawa gumi yana bin bayana. Da ya gama sai ya gyara zama, na gane yau ranar da ya daɗe yana tanadi ce. Ya ce shi bai hana kowa neman ilimi ba. Ya ce su dai abin da suka tarar shi ne yaro ya rusuna wa babba, kuma ba su ga ya hana ruwan sama sauka ba. Ya kawo labarin malaminsa, da malamin malaminsa, da yadda suka tafi neman karatu gabas da ƙafa. Ni dai tun daga malamin farko na daina ji. Wuta ta tashi daga yatsu ta kama idon sawu, daga nan ƙafafun suka mutu gaba ɗaya, sai zugi. Hawaye ya zubo mini. Tsoho ya gani, muryarsa ta yi laushi, ya ce ba komai, ɗan Adam ajizi ne, mai tuba kamar wanda bai yi laifi ba ne.

Ya ce, "Tashi ka shiga ciki a ba ka fura."

Na ce, "To, Baba." Ban motsa ba.

Ya ja carbi kaɗan ya ce, "Na ce na yafe. Tashi."

Na ce, "To, Baba."

Ya ce, "Ko akwai sauran wani laifin da ban sani ba?"

Na dafa ƙasa na yunƙura. Ƙafafun suka ce ba da su ba. Na tafi gefe guda kamar buhun da aka jingina ba daidai ba, hulata ta gangara cikin zaure, na kwanta rigingine, tafin ƙafafuna biyu suna kallon fuskar surukina. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Ya yi salati ya miƙe, kuma ina mai baƙin cikin shaida cewa ko dafa bango bai yi ba. Ya zo kaina, sai idonsa ya sauka kan yatsun, sun kumbura sun yi jawur, ƙullin nan kamar an cusa goro a ƙarƙashin fata. Ya zauna a ƙasa ya kama ƙafata ta dama ya ɗora a cinyarsa. Na ja, na ce, "Baba, don girman Allah." Ya ce, "Yi mini shiru." Ya danna gaɓar da babban yatsansa, na yi ƙarar da ta fito da ƙanin matata daga cikin gida a guje.

Tsoho ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "An kwana biyu, Baba." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na kwashe duka na gaya masa ina kwance ina kallon azarar zaure: likita, takalmi, tsuguno.

Ya ce, "Wandon fa?" Na ce man shafawa. Ya ce, "Safar?" Na ce ruwan sanyi. Ya ce, "To gemun, shi ma a ƙafa ya tsiro?" Na ba shi labarin wanzami da ƙaho. Nan ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, ƙafata tana cinyarsa tana girgiza. Da ya lafa sai ya shiga shafa ƙullin a hankali da tafin hannunsa mai kaushi. Ya ce, "Amma an yi shashashan mutum. Kana cikin wannan kake zuwa ina juya maka baya?" Ya girgiza kai. "Ai da gara a ce cikinsu ka shiga. Wancan ana tuba a dawo. Wannan kuwa ba ya jin wa'azi."

Ya ɗago ya dubi ɗansa ya ce, "Kai ka sani?" Gogan ya fara sosa ƙeya. Tsoho ya ce ya je bakin rijiya ya ɗauko takalmina da hannunsa, ya bi ta gaban matan nan, in ya dawo ya sa a ɗora ruwan ɗumi. Ban taɓa jin daɗin ganin takalmin nan kamar ranar da ya shigo a hannun ƙanin matata ba. Da zan tafi tsoho ya rako ni har waje, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga hannu ya sa mini albarka, ya maimaita, ya ce wannan ta sallar da ta wuce ce. Na hau babur na kama hanyar Daura.

Sai dai an bar baya da ƙura. Tsuguno ya haramta, zaman tabarma kuma tashinsa sai an kama ni. Dole in zauna a kan wani abu, kuma suruki ba ya zama sama da uban matarsa, ko a garin mahaukata. Na yi ta juya abin har ranar komawata ta zo, na tafi ban san yadda za a yi ba.

Ina leƙa zaure sai na ga buzu a rataye a bango. Tsoho yana bisa wata farar kujerar roba, ƙafafunsa da ƙyar suke taɓa ƙasa, ya riƙe hannuwanta biyu kamar wanda aka ɗora a jirgi. A gefensa an ajiye wani gajeren kututture an shimfiɗa masa buhu. Ya ce, "Shigo da takalminka ka zauna can. Ni yanzu na gane zaman ƙasa na talakawa ne." Na zauna, kaina bai kai kafaɗarsa ba, ƙafafuna a miƙe cikin takalmi, babu abin da yake yi mini ciwo. Mutanen ƙauye suka ce tsoho ya fara ruɗewa, sarauta yake nema da tsufansa. Ya bar su suka yi ta faɗa.

Haka muka yi shekaru. Ciwona bai warke ba, har yau da nake rubutun nan ƙafafuna suna cikin roba da ruwan ɗumi. Na ƙara da sanda, na rage tuwo da gaske, na san ranar da zan yi tafiya da ranar da zan ba yatsu hutu. Amma shekarun kujerar nan su ne mafi daɗi tsakanina da shi. Da, gaisuwa ce kawai a tsugune in tashi. Yanzu da zama ya samu sai hira ta ɓarke, ya ba ni labarin yunwar da suka gani suna yara, na ba shi labarin ƙaton da ya taka ni a sahu, ya ce Allah ya saka wa yaron da alheri. In na ce zan tafi ya ce, "Ina za ka cikin wannan ranar? Zauna."

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Bayan an share makoki muna zaune a zauren ni da ƙanin matata, na ga kujerar an kife ta a lungu, na ce ashe tsoho ya ji daɗin kujerar nan.

Ya dube ni, ba wasa a fuskarsa. Ya ce, "Yaya, Baba bai taɓa ƙin wani abu kamar kujerar nan ba." Ya ce in ba ranar da zan zo ba ko kallonta ba ya yi, yana kan buzunsa. Da ya ji ƙarar babur ɗina daga bakin rijiya zai ce a yi maza a rataye buzu a ɗora shi. In na tafi kuwa sai mutum biyu sun sauko da shi, ƙafafunsa sun kumbura sun mutu, bayansa ya riƙe, ya kwanta ana matsa masa har magariba yana tsine wa wanda ya ƙera ta. Kuma ya ce duk wanda ya bari na ji, bai yafe masa ba.

Kunya da ƙauna da baƙin ciki suka taru a kaina, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ni kuwa duk shekarun nan in na zauna da hantsi ba na tashi sai la'asar, don a ganina tsoho hira yake so.